Yadda ake kunna faifan bidiyo na VCD a na'urar gem ta Sega Saturn

Sega Saturn, wadda ta fito a Japan a watan Nuwamban 1994, ba ta iya nuna fim ɗin VCD da kanta. Sai an ƙara mata wani kati da ke warware bidiyon MPEG-1, wato tsarin matse bidiyo da VCD ke amfani da shi. An sayar da katin a Japan da Turai, ba a fitar da shi a kasuwar Amurka ba. Ko da katin, ba kowane faifai take karɓa ba, kuma yawancin matsalar daga faifan take, ba daga na'urar ba.

Fara da zaɓen kati. Na Sega na Japan lambarsa HSS-0119, na Turai MK-80310, sannan kamfanin Victor ya yi RG-VC1 da RG-VC2 da RG-VC3. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne katin Japan a na'urar Japan, na Turai a ta Turai. RG-VC2, wanda ake kira Twin Operator, yana buɗe Photo CD ma, wato faifan hotuna.

Sa katin ba wuya. Kashe na'urar, ka zare wayar wuta. A bayanta akwai ƙaramin murfi inda batirin CR2032 yake. Buɗe shi za ka ga ramin katin. Tura shi a hankali har ya zauna daram, ka mayar da murfin. Kada ka taɓa batirin, domin shi ke riƙe wasannin da ka adana, in ya fita sun tafi. In kuwa Saturn ɗin ta Japan ce, wutar bolt 100 take ci. In ka haɗa ta kai tsaye da wutar Najeriya ko Nijar mai bolt 220 zuwa 230, za ta ƙone nan take, don haka sai da taransifoma mai rage wuta.

Yanzu ga faifai, inda aikin yake. VCD na gaskiya yana da ƙa'ida tsayayya da aka kafa a 1993: hoto 352x288 mai firam 25 a daƙiƙa na tsarin talabijin na PAL, ko 352x240 mai firam 29.97 na NTSC. Bidiyo kilobit 1,150 a daƙiƙa. Sauti MP2 kilobit 224. Wannan ƙa'ida kaɗai katin ya sani. SVCD, wato Super VCD, ba zai yi ba saboda MPEG-2 ne, balle DVD, wanda idon na'urar ma ba ya karantawa. Akwai kuma faifan da aka ƙara wa nauyin bidiyo ko aka matse shi don fim ɗin awa biyu ya shiga faifai guda. In aka sa irinsa a Saturn sai ka ga hoto yana tsayawa, sauti ya yi gaba ya bar baki a baya.

Batun PAL da NTSC ya shafe mu sosai, tunda faya-fayan VCD da suka cika kasuwannin Kano da Kaduna a zamaninsu yawanci PAL ne, alhali Japan NTSC take amfani da shi. Layuka 288 ba sa shiga gurbin 240, saura 48 ke nan, shi ya sa a katin da ba ya daidaita su hoton ke yankewa, wani lokaci har rubutun fassara na ƙasa ya ɓace. Mai tarin faya-fayan PAL gara ya nemi na'urar Turai da katinta.

Faifan VCD samfurin 2.0 mai jerin zaɓi zai yi a katin da ya tsaya a tsohon samfurin 1.1, sai dai jerin ba zai fito ba, fim ɗin ne zai fara kai tsaye.

In da kanka za ka haɗa faifan, ga hanya. Juya bidiyon da manhajar ffmpeg, ka ba ta umarnin -target pal-vcd, ko -target ntsc-vcd in katinka na Japan ne. Ka miƙa fayil ɗin ga manhajar VCDImager, za ta fitar da fayiloli biyu, bin da cue. Sai ka buga cue ɗin a faifan CD-R da manhajar ImgBurn, da gudu mafi ƙanƙanta da faifan ya yarda. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwafe AVSEQ01.DAT, wato fayil ɗin bidiyon da ke cikin VCD, zuwa sabon faifai kamar kowane fayil. A kwamfuta zai buɗe, a Saturn ba zai buɗe ba, domin VCD yana ajiye bidiyo a sashe na musamman mai bayit 2,324, kwafin gama-gari kuwa ba ya gina wannan tsarin. Faifai mai minti 80 yana ɗaukar kusan minti 80 na bidiyo. Abin da ya wuce haka a raba shi biyu. CD-RW kuma, wanda ake gogewa a sake bugawa, a bar shi, hasken da yake mayarwa ya yi wa idon Saturn kaɗan.

Idan faifai ya ƙi, gwada faifan sauti na asali tukuna. In shi ma yana tsalle, ido ne ya yi ƙura ko ya gaji: goge shi da auduga da ɗigon sifirit, ka bar shi ya bushe. In sauti ya tafi lafiya amma VCD ya ƙi tashi, kashe na'urar, zare katin, goge haƙoransa, ka sake zaunar da shi.