Kurakuran da muke yi ranar da masu rauni suka cika asibiti

Kowace damina sai na maimaita wa sabbin ma'aikata magana ɗaya, har bakina ya gaji. Kuma Maraɗi ta ga jiya: kwalarar Madarumfa ta 2018, ramin zinariyar Ɗan Isa da ya rufta a Nuwamban 2021, ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidajen laka.

Na farko, bin mai ihu. Ni kaina na yi shi. Wani dare motar ƴan kasuwa ta kife, aka zube mana mutane a ƙofa. Wani saurayi goshinsa ya tsage, yana ta kururuwa, danginsa na jan rigata: "Majo, don Allah!" Na duƙa ɗinki. Can jikin bango wani dattijo na zaune shiru, hannu sanyi ƙalau, gumi na keto masa, ruwa kawai yake roƙo. Ashe jini ke tsiyaya a cikinsa. Kafin in waiwaya rai ya yi halinsa. Mai ƙarfin ihu yana numfashi, ku ji da kyau! Yanzu a ƙofa nake tsayawa in ce duk mai iya tafiya ya koma gindin bedi. Waɗannan su ne kore, wato masu ƙaramin rauni. Sauran in duba numfashi, bugun jini da hayyaci, kowa ƙasa da minti ɗaya, in manna filasta a goshi: ja ga na gaggawa, rawaya ga mai iya jira, baƙi ga wanda ya rasu ko ba a iya ceto. Mai tantancewa ba ya ɗinki, ko ɗan uwansa ne a kwance.

Na biyu, wanda gini ya danne tsawon awoyi. Kun zaro shi, ya yi murmushi, kun sallame shi. Haba! Naman da ya murƙushe yana sakin guba cikin jini, ƙoda ta tsaya. A sa masa ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashin ɓaraguzai in da hali, a riƙa duba fitsarinsa. In ya yi kalar shayi, ba inda za shi.

An ɗaure hannu ko ƙafa don tsayar da jini? A rubuta lokacin a jikin mutum.

Injin wuta ba gazuwal, firjin jini ya zama akwati. Ni duk Juma'a nake tayar da shi.

Lambobin masu ba da jini da na direban motar asibiti, a takarda nake liƙa su bayan ƙofa, don ranar ambaliya cajin waya ke fara ƙarewa.