Kafin Ka Kama Haya Kusa da Babban Gida

Mutum uku na ɗauko daga filin jirgin Detroit a watan Agustan nan, biyu daga Kano, ɗaya daga Maraɗi. Biyu a cikinsu sun riga sun sa hannu a takardar haya tun suna gida, ta intanet, ba su shawarci kowa ba. Muna kan hanyar Ann Arbor, garin Jami'ar Michigan a Amurka inda suka zo karatu, ɗayan yake ce min, cike da jin daɗi, "Yaya, ai na dace, gidan nawa dab da filin ƙwallo yake, ko kwatance ba zai yi wuya ba." Na ce masa Allah ya sa alheri, na ci gaba da tuƙi. Abin da na faɗa ke nan ni ma a Janairun 2013, kusan kalma da kalma.

Layin waya, asusun banki da katin makaranta ba sa buƙatar dogon bayani, kwana biyu ka gama. Katin jami'a zai shigar da kai bas ɗin gari kyauta. Masallaci yana kan titin Plymouth, a can za ka gan mu ranar Juma'a. Naman yanka kuwa Dearborn, wani gari kusa da Detroit, ce kasuwarsa, kuma duk mako ba a rasa mai zuwa. Rigar sanyi kada ka saya a gida, wadda ta ishe ka hunturun Jos ba za ta kai ka ƙarshen Nuwamba a nan ba.

Abin da ba a gaya wa sabon zuwa shi ne, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba garin nan filin ƙwallo ne ke mulkinsa. Ba tamaular da muka sani ba, ƙwallon Amurka ce, mai kama da gwanda, wadda ake runguma a ruga ana ture-ture. 'Yan wasan ɗalibai ne. Filin Jami'ar Michigan, wanda suke kira Big House, wato Babban Gida, yana ɗaukar mutum 107,601, alhali mutanen garin duka ba su wuce dubu ɗari da ashirin da 'yan kai ba. Babban filin wasa na Abuja dubu sittin yake ɗauka, sai ka auna. Daga waje ba za ka ga girmansa ba, don a cikin rami aka gina shi a 1927, sai ka shiga ka leƙa ƙasa kanka ya juya. Wurin da fadama ne, ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa, kuma har yau mutanen gari na ba da labarin wani injin ɗaga kaya da laka ta haɗiye lokacin ginin, wai yana nan binne a ƙarƙashin filin.

Ni da farko raina abin na yi, na ce wasan yara ne. Daga baya na gane Amurkawa a irin waɗannan filaye suke ajiye tarihinsu. A nan Shugaba Lyndon Johnson ya yi shahararren jawabinsa na gina babbar al'umma a watan Mayun 1964, a nan Obama ya yi wa ɗalibai jawabin yaye a 2010. A Jami'ar Chicago, bayan sun daina ƙwallon a 1939, ƙarƙashin kujerun filinsu na Stagg ne masanin kimiyya Enrico Fermi da mutanensa suka fara tayar da makamashin nukiliya yadda za a iya sarrafa shi, ranar 2 ga Disamba 1942, mutanen unguwa na harkarsu ba su san me ake yi ba. A Baton Rouge ta jihar Louisiana, a 1988, da Jami'ar Jihar Louisiana, LSU, ta ci Jami'ar Auburn 7 da 6 ana dab da tashi, tsalle da ihun 'yan kallo sai da ya bayyana a na'urar auna girgizar ƙasa ta jami'ar. Wannan filin na LSU ma ɗakunan kwanan ɗalibai aka gina a jikinsa a shekarun 1930, saboda kuɗin gina ɗakunan kwana ne ke akwai, sai aka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ɗaki a ƙasa, kujerun kallo a sama. Na kan tuna ɗaliban da suka kwana a ɗakunan nan idan ina jin haushin abin da ya same ni. Su aƙalla sun san a filin ƙwallo suke kwana.

Ni ban sani ba. Ɗaki na kama a wani tsohon gidan katako, tafiyar minti bakwai zuwa filin, mu huɗu a ciki. Daga Janairu har Agusta unguwar tsit, sai kukan tsuntsaye. Mai gidan dattijo ne mai fara'a, ya miƙo min takarda mai shafi goma sha wani abu, na duba kuɗin wata, na duba ranar shiga, na rattaba hannu. A gida ai magana ce haya: ka ga mai gida ko dillali, ka biya shekara, idan matsala ta taso a samu dattijo ya shiga tsakani. Nan takardar ce dattijon, kuma ba ta san ka ba.

Da rani na sayi wata tsohuwar mota ina ajiye ta a gefen gidan. Wasan farko na kakar ina Detroit wajen suna, ban ga komai ba. Asabar ta biyu, 7 ga Satumba, na tafi ɗakin karatu a ƙafa tun safe. Na lura gari ya cika da masu riguna ruwan ɗorawa da shuɗi, an kafa rumfuna, ana gasa nama a bayan motoci, kai ka ce hawan sallah ne ba dawaki. Na dawo da yamma na tarar da motoci tara jere a kan ciyawar gidanmu, mai gida na tsaye da kwali a hannu yana karɓar kuɗi. Inda motata take kuwa wata jibgegiyar baƙar mota ce. Na tambaye shi, ya ce janwe ta ɗauke ta tun hantsi. Bai ɗaga murya ba, bai daina murmushi ba. Ya ce in duba shafi na tara. Na hau sama na duba: duk ranar da ake wasa a filin garin, farfajiya da wurin ajiye mota na mai gida ne, ɗan haya ya kwashe motarsa kafin takwas na safe. Ga sa hannuna a ƙasan shafin, raɗau.

Daren nan Michigan ta buga da Jami'ar Notre Dame, mutum 115,109 suka shiga, adadin da ya zarce kujerun filin, wanda kuma bai taɓa gani ba. Ina kwance tagar ɗakina na karkarwa saboda ihu, ina lissafin kuɗin fansar mota. Abin da na biya ya kai cefanena na wata guda.

Ban yi hankali ba duk da haka, sai da na sake faɗawa wajen fita. Ku buɗe kunne a nan, don dokar jihar Michigan tana bayan ɗan haya idan ya san ta. Kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa bai halatta ya wuce hayar wata ɗaya da rabi ba. Ranar shiga zai ba ka takardar lissafin halin da gidan yake ciki, kana da kwana 7 ka cike ka mayar. Rubuta komai: tabon kafet, tsagewar bango, ƙofar da ba ta rufuwa, ka ɗauki hoto. Ni na ga abin kamar rashin kunya ne, mutum ya karɓe ka hannu bibbiyu ka hau ƙirga masa aibin gida, sai na jefa takardar a akwati. Idan ka tashi, cikin kwana 4 ka ba shi sabon adireshinka a rubuce. Shi kuma yana da kwana 30 ya aiko da jerin abin da ya cire da sauran kuɗinka, kai kana da kwana 7 ka amsa idan ba ka yarda ba. Ban ba da adireshi ba, ban amsa komai ba. Cikin abin da aka cire min har da gyaran ciyawar farfajiya, ciyawar da motocinsa suka tattake. Da na je ofishin lauyoyin ɗalibai na jami'a, waɗanda ke duba irin wannan kyauta, lokaci ya riga ya ƙure. Da tun farko na kai musu takardar, minti ashirin ya isa.

Akwai kuma wani layi da ke ɗaure 'yan haya duka a igiya ɗaya: abokin zamanka ya gudu, kai za a bi kuɗinsa. Ku neme shi kafin ku haɗa haya da wanda kuka sani a WhatsApp kawai. Sannan kada ganin kuɗin da ake samu ranar wasa ya ja ka ka fara sayar da wurin ajiye mota. Mai bizar karatu aikin cikin makaranta aka yarje masa, awa 20 a mako lokacin karatu. Duk wani neman kuɗi bayan wannan, tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje tukuna.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yanzu ba kamar lokacinmu ba ne. Mun yi yawa, alhamdulillahi. Akwai likita a cikinmu, akwai injiniyoyi, akwai matan da ba su taɓa barin baƙo ya kwana da yunwa ba. Babu wanda ya sauka garin nan ya rasa katifar mako biyu kafin ya samu wuri. Amma yaro zai tura wa wanda bai taɓa gani ba kuɗin wata biyu daga Zariya, sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada ya kira mu. Jin nauyin tambaya yake yi, wai kada a ce bai waye ba.

Filin kansa ban riƙe shi da komai ba. A Agustan 2014 na shiga na kalli Manchester United ta ci Real Madrid 3 da 1, mu 109,318, na yi ihu har muryata ta dushe. Ku ma ku je ko sau ɗaya, amma ba a shiga da jaka kowace iri ce, ku bar ta a gida. Ku kuma sauke jadawalin wasannin da za a buga a filin a waya, Asabar shida zuwa takwas ne a shekara. Ranakun nan a yi cefane tun Juma'a, kada a sa tafiyar filin jirgi dab da lokacin tashi daga wasa.

Ni yanzu Ypsilanti, gari maƙwabcin Ann Arbor, nake zaune, haya ta fi sauƙi, bas na kai ni har makaranta. Asabar mai zuwa akwai wasa, don haka tuwo a gidana bayan azahar. Wanda ya riga ya sa hannu ya zo da takardarsa, duka shafukan, mu duba tare. Ƙanena na Kano, naka shafi na shida ne, na riga na gani, ka kwashe kekenka daga farfajiya tun daren Juma'a.