Yadda ake rage kaya idan girma ya zo, tun kafin a raba su a bayan idonka

Wannan na iyayenmu ne da suka haura sittin, da mu 'ya'yan da za mu taya su. A Najeriya yawancin ma'aikatan gwamnati suna ritaya ne in sun cika shekara 60 ko sun yi 35 suna aiki, to ajiye aikin ofis shi ne mai sauƙin, wanda ke gida shi ne jidalin, kuma gara mutum ya yi shi da hannunsa tun yana da lafiya da hankalinsa.

Da farko fara da abin da ba naka ba. Bashi, ajiyar mutane, kuɗin adashi, gonar marayun ɗan'uwanka da kake nomawa tun suna goye gashi yanzu har sun yi aure. Samu littafi ka rubuta wa ke binka, wa kake bi, nawa ne, wa ya shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, sannan hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. 'Yan ƙananan basukan da kake bin talakawa kuwa in za ka yafe ka yafe, amma ka faɗa musu da bakinka ka soke a littafin, kar gobe yara su gani su je suna buga ƙofar bawan Allah.

Na biyu takardu. Takardar mallakar fili, ta cinikin gona mai sa hannun dagaci, na fansho, lambar asusun banki, duk a jaka ɗaya, a nuna wa mutum biyu amintattu inda take. Kuɗin ƙarƙashin katifa dai a haƙura da shi haka nan, wanda ya ga canjin kuɗi na 1984 ya kuma ga na ƙarshen 2022 zuwa 2023 ai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na uku shi ne shiga ɗaki, kuma nan ne ake kuka. Hajiya tana da kwalla da samira da tasoshi jere har kusan rufi, ga akwatin ƙarfe da in an buɗe ƙanshin kafur ke fara dukan hanci, atamfa turmi-turmi ba a taɓa ɗinkawa ba wasu har sun tsage ta kan ninki, Alhaji kuma manyan riguna da sun fi shekara ashirin ba su ga Idi ba, huluna, rediyon da ya mutu tuntuni, tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo ɗaure da igiya. Kar a ce rana ɗaya za a gama, akwati ɗaya a zama ɗaya ya isa. A kasa uku: wanda ake amfani da shi yanzu, wanda za a bayar, da wanda za a kira 'yan gwangwan su auna. Wanda za a bayar ya fita a makon nan, in ya kwana biyu wallahi komawa akwati zai yi. Littattafan addini a kai masallaci ko islamiyya. Ku kuma yara dan Allah kar ku kwashe kayan tsohuwa tana unguwa wai kuna mata gyara, kwanon da kake gani tarkace shi uwarta ta jera mata ranar da aka kawo ta gidan nan, ku bari ita ta miƙa wa jikarta da hannunta ta ba ta labarinsa.

Na huɗu manyan kadarori, gida, gona, shago. A nan sai an bambance kyauta da wasiyya. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji. Kyauta ita tun da rai ake yi, a Malikiyya kuma ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, shi ya sa "ai Baba ya ce ya ba ni" ke ƙarewa a gaban alƙali. A rubuta, a kafa shaidu, a miƙa makulli. Sannan a daidaita tsakanin 'ya'ya, mahaifin Nu'umanu bin Bashir da ya ware shi kaɗai da kyauta Annabi bai yarda ya shaida ba, balle gidan da ake ɗaki-ɗaki. Ni dai a ganina kar ka raba komai ka zauna ba ko sisi, riƙe wurin kwananka da abin da zai riƙa kawo maka na cefane da magani.

Na biyar sakin ragama. Ba yaro shagon, ka riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, in ya yi kuskuren da ba zai karya jari ba ka kau da kai.

Na shida tsammani, wanda ya fi akwati nauyi. Ɗan da ka so ya zama likita yana saida waya a kasuwar Farm Centre ta Kano kuma yana riƙe da iyalinsa, to shikenan ka sa masa albarka. 'Yar da ke aure a Legas ba za ta zo gaisuwa duk Juma'a ba. Maimakon a yi shiru ana ƙullata ko ana kai ƙara wurin duk wanda ya shigo gaisuwa, a kira su a faɗi buƙata ƙarara: maganin hawan jini duk wata wane zai ɗauka, waya ranar kaza, babbar sallah a gida.

Na ƙarshe ɗabi'un jiki, su kuma ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu. Tuƙin dare in ido ya fara hazo a bar wa yara, sukarin shayi daga cokali uku a koma ɗaya, gishiri da magi a rage tun daga tukunya, goro a tsaya da shi kafin la'asar in barci yana wuya. Wanda gwiwa ta hana tsayuwa ya yi sallarsa a zaune ba kunya, haka aka umarci Imrana bin Husaini da ya yi rashin lafiya. Tsohon da azumi ke kayarwa, musamman mai ciwon suga, ya ga likita kafin watan ya kama, in an ce ya sha to ya sha, ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana, malamin unguwa zai faɗa masa awon da ake bayarwa.