Yadda DJ ke shigar da waƙar trance cikin wata ba tare da an ji ɗinki ba

Kiɗan trance, wani nau'in kiɗan rawa da ake haɗawa da na'urori, ya taso ne a Jamus, musamman birnin Frankfurt, a farkon shekarun 1990, sannan 'yan Holand irin su Armin van Buuren, mai shirin rediyo na A State of Trance tun 2001, suka bazu da shi duniya. Abin da ake fara gwada ɗan koyo da shi shi ne haɗa waƙa biyu har mai rawa ya kasa gane inda ɗaya ta ƙare.

Ƙirga shi ne tushe. Trance yakan yi gudun bugu 128 zuwa 140 a minti. Bugu huɗu gaɓa ɗaya ke nan, kuma masu tsara kiɗan suna jera shi gaɓa 16 ko 32, a ƙarshen kowane rukuni wani sauti ya shigo ko ya fita. A gudun 138, gaɓa 32 ba ta wuce sakan 56 ba, don haka babu lokacin dogon tunani.

DJ na aiki da na'urorin kunna waƙa guda biyu. Yayin da waƙar farko ke tashi a ɗaya, ɗora waƙa ta biyu a ɗaya na'urar, ka sa alama kan bugun gangarta na farko, ka daidaita gudunta da na wadda ke tashi. Saurare ta da kunne ɗaya ta abin sauraro na sawa a kunne, ɗaya kunnen na kan lasifika. Murɗe maɓallin bes nata, wato sauti mai kauri, har ƙasa. Sake ta daidai kan bugun farko na sabon rukuni, ka riƙa ɗaga ƙararta a hankali. Bayan gaɓa 16, a bugu ɗaya, ka rufe bes na tsohuwar ka buɗe na sabuwar. Idan ka bar bes biyu a buɗe, sautin zai dagule, jar fitila ta kunno a na'urar haɗa sauti.

Idan ka ji ganguna suna sukuwa kamar dawakai biyu a hawan sallah, bugun ya goce. Taɓa gefen faifan da ke kan na'urar sabuwar waƙar kaɗan, gaba ko baya, kada ka fizge shi.

Kuskuren da ya fi muni shi ne shigo da sabuwar waƙa a wurin lafawa, inda ganga ke yin shiru, amo mai daɗi ya riƙa hawa. Wurin da jama'a ke jira ke nan, a bar shi ya kai ƙarshe.

Kula da muryar waƙoƙin ma, wato matakin kauri ko sirancin sautin da aka gina kiɗan a kai. Rekordbox, manhajar da DJ ke shirya waƙoƙi da ita, na nuna ta da lambobi: waƙar 8A tana zama lafiya da 7A, 9A ko 8B. Ƙara gudu da kashi 6 cikin 100 yana ɗaga muryar kusan rabin mataki, sai dai in ka kunna Master Tempo, maɓallin da ke hana muryar sauyawa idan an canza gudu.