Sabon zuwa Ingila: ka nemi likitan unguwa tun kana da lafiya

A Ingila ba a wucewa kai tsaye babban asibiti don ciwon kai ko hawan jini. Ƙofar shiga tsarin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ita ce likitan unguwa, wanda ake kira GP, shi ne zai tura ka wurin ƙwararre in ta kama. Don haka ka yi rajista a makon da ka sauka, kada ka bari sai ciwo ya kwantar da kai.

A nan mutanenmu da yawa suke juyowa gida. Mai karɓar baƙi za ta ce sai ka kawo fasfo da shaidar inda kake zaune, kai kuwa a ɗakin ɗan'uwa kake raɓe, ko takardar kuɗin wuta babu da sunanka. Ƙa'idar NHS ba ta ce haka ba. Rajista kyauta ce, kuma rashin fasfo ko adireshi ko biza ba ya hana ta. Ka faɗa mata cikin ladabi, in ta kafe, ka nemi a rubuto maka dalilin ƙin. A Landan ƙungiyar Doctors of the World tana tsaya wa waɗanda aka mayar.

Kwanciya a asibiti kuwa lissafinta daban. Wanda ya biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 1,035 a shekara, ɗalibi kuma 776, ba ruwansa. Masu bizar ziyara, irin iyayenmu mata da ke zuwa zaman jego, kashi 150 cikin ɗari na kuɗin jinyar ake cajin su, kuma bashin fam 500 zuwa sama yana iya hana su biza nan gaba. A yi musu inshora kafin su taso. Sashen gaggawa dai kyauta ne ga kowa, haka maganin tarin fuka da na ƙanjamau.

In Turancin bai zauna ba, ka nemi tafinta tun lokacin da kake neman ganin likita, ba ka biyan ko sisi. Don Allah a daina sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa ciwon mata. Mace kuma tana iya cewa likita mace take so.

Galibi kemis ba zai sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takardar likita. In zazzaɓi ya kama ka, ka fara da cewa daga Najeriya ko Nijar ka taho, domin likitan can ba ya saurin kawo zazzaɓin cizon sauro a ransa. Da dare ka kira 111, layin neman shawarar lafiya na NHS, in rai na hannun Allah kuma 999.