Ruwan 'ya'yan darbejiya ga masu ƙaramin lambu

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman rani. Wanda tsutsa ta addabi kabejinsa, ko darɓa ta kama masa yakuwa da kuɓewa, ya gwada wannan kafin ya zuba kuɗi a maganin kanti.

Ku tsinci 'ya'yan darbejiya da suka nuna suka zubo, a wanke, a shanya su a inuwa. Idan sun bushe sai a ɓare a daka ƙwayar. Kamar giram 50 ya isa lita 1 na ruwa. A jiƙa da yamma ya kwana, da safe a tace da tsumma mai laushi. Tacewar nan kada a yi mata gaggawa. Ni ranar farko garaje na yi, diddiga ta toshe bakin famfon feshi, na ɓata safiya guda ina tsokale shi da tsinken tsintsiya. A narka ɗan sabulun wanki kaɗan a ciki don ruwan ya kama ganye.

Fesawa sai bayan la'asar, saboda zafin rana na kashe ƙarfinsa. A juya ganyen a jiƙa bayansa, can ƙwarin suke ɓuya.

Kada ku sa ran ganin gawar tsutsa washegari. Hana ta cin ganye yake yi, sai ta rame ta kasa girma. Ina maimaitawa duk mako, kuma kullum sabo nake haɗawa, domin wanda ya kwana biyu ba ya wani aiki.