Darasi na Bakwai: Zaɓen Batirin Ɗaki a Motar Kwana

Akwai masu mayar da bas ɗaki: a cire kujerun baya, a shimfiɗa katifa, a sa fanka da fitila da ƙaramin firji. 'Yan kasuwa masu tashi daga Zariya su kwana a kasuwannin ƙauye suna yin haka, masu yawon wa'azi da lasifika ma haka. Irin wannan mota batir biyu take buƙata: ɗaya na tayar da inji, ɗaya kuma, batirin ɗaki, na ba kayan ciki wuta bayan an kashe mota.

Kada ka ɗora fanka da firji a kan batirin tayar da mota. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu kawai. In ana zuƙe shi kowane dare, ba zai daɗe ba ya mutu, kuma gari zai waye mota ta ƙi tashi. Batirin ɗaki farantansa masu kauri ne, yana jure a sha shi a hankali, a sake cika shi.

Kafin ka je Sabon Gari neman batir, zauna da biro da takarda. Kowane kaya an rubuta wat nawa yake ci a jikinsa. Ninka wannan da awannin da zai yi aiki. Fanka mai wat 15 na awa 8, 120 ke nan. Ƙwan fitila uku masu wat 5 na awa 5, 75. Cajin waya huɗu, ka ba shi 60. Firji mai wat 45, in injinsa ya yi awa 10 yana aiki a yini da dare, 450. Jimla 705. Raba ta da 12, domin batirin mai bolt 12 ne, za ka samu kusan 59. Wannan shi ne Ah ɗin da kake sha kullum, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa, wanda ake rubutawa a jikinsa.

A nan mutane da yawa ke asara. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka mai shan 59 sai ya ninka biyu, 118, ya sayi mai 150Ah don a samu rara. Batirin litiyom, wanda aka rubuta wa LiFePO4, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, saboda haka mai 100Ah ya wadatar.

Dogon batirin ruwa da ake sa wa inbata a gida yana da ƙarko, amma mai 200Ah yakan kai kilo 60, ruwansa na iya zuba a gargada, kuma lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. Wurinsa gida ne ko shago, ba inda mutum ke kwana cikin rufaffiyar mota ba. Rufaffen batirin dalma, AGM ko jel, ba ya zuba, ba a ƙara masa ruwa, mai 100Ah kusan kilo 30 ne. Litiyom mai wannan girman bai wuce kilo 13 ba, kuma ya fi su daɗewa nesa ba kusa ba. Tsadarsa ce matsala. Mai hali ya ɗauke shi, marar hali ya tsaya a kan AGM.

A shago, ka sa a auna maka da mita a gabanka. Batirin dalma cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.2, rabi ne. Sabon batirin da ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye ba caji, wani farin gishiri ya fara kama farantansa, ƙarfinsa kuwa ba lallai ya dawo ba. Duba ranar ƙira, ka kuma ɗaga shi: batirin dalma da aka rubuta wa 200Ah amma ba nauyi, rubutun ƙarya ne.

Zafi na cin batir. Duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin kwanan batirin dalma, zafin Maris da Afrilu a Zazzau kuwa kowa ya san shi. Kada a ajiye shi kusa da inji ko salansa. A ɗaure shi tamau a ƙasa, inda iska ke ratsawa.

In batir biyu za ka haɗa, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sayen rana ɗaya, domin tsoho yana janye sabo. Ja da ja, baƙi da baƙi, bolt yana nan 12, Ah ya ninku. Jan wannan da baƙin wancan kuwa bolt 24 zai ba ka, ya ƙona kayan 12.

Ka ce wa mai rewaya ya sa rile tsakanin batirin inji da na ɗaki, yadda za su yi caji tare in mota na tafiya, su rabu in an kashe ta. Litiyom sai da cajar DC-DC, wato na'urar da ke ƙayyade wutar da ke shiga masa daga mota, don yana jan wuta da yawa har altaneta ta yi zafi ta ƙone. Fiyus kuma ya zauna a jar waya, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kan batir.